Wa Ke Riƙe Da Lissafin Allurar Jariri A Shanono?



Sa'ad da takardar gayyata ta iso mana, mun ga an nemi mu yi magana ne a kan na'urorin zamani da yadda ake riƙe lissafin allurar rigakafin jarirai da su. Mun so mu kawo uzuri, domin mun san a zauren nan akwai waɗanda kwamfuta ce darasinsu safe da yamma, mu kuwa saninmu game da ita bai wuce cikin cokali ba. Abin da ya ƙarfafa mana gwiwa shi ne, da muka juya maganar muka dubi bayanta, sai muka tuna jariran nan a ɗakunan iyayenmu mata ake haihuwarsu, can karkara inda aka binne cibiyarmu. Wannan gefen kam mun ɗan san shi. Saboda haka muna roƙon ku ku biyo mu Shanono, mu tsaya can mu dubi al'amarin.

Ga wanda bai san ta ba, Shanono ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Tana yamma maso arewa da birni, tana maƙwabtaka da Bagwai da Gwarzo, tana kuma iyaka da Jihar Katsina. A riƙe wannan magana ta iyaka, za mu komo kanta. Ƙasa ce ta manoma, gona na bin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, kafin ka fita wannan unguwa ka hango rumbunan waccan. Kamar sauran karkarar arewa maso yamma, mafi yawan haihuwa a gida ake yi, a hannun ungozoma ko wata tsohuwa ta gidan.

To, duk jaririn da aka haifa a Faruruwa ko Kokiya ko Leni ko Tsaure, tun daga ranar da ya faɗo yana bin mu bashin zuwa asibiti sau shida. Da farko, ranar haihuwa ko da wuri bayanta, a yi masa BCG ta tarin fuka, wadda ke barin tabo a dantse, a ɗiga masa maganin shan-inna a baki, a yi masa ta ciwon hanta, wadda aka fi so a yi cikin awa 24. In ya cika mako 6 a koma, mako 10 a koma, mako 14 a sake komawa. A waɗannan zuwa uku ne ake yin allurar da ma'aikata ke kira Penta, wadda aka shigo da ita Nijeriya a 2012, watau allura guda mai tsare cuta biyar: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai jawo wa ƙananan yara sanƙarau da ciwon huhu. Tare da ita ake yin ta ciwon huhu da ƙarin ta shan-inna, kana tun 2022 aka ƙara da ɗigon rigakafin wata muguwar gudawa ta jarirai. Daga nan sai dogon shiru har wata 9, lokacin ta ƙyanda da shawara da sanƙarau, sa'an nan a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Ba mu ma sa bitamin A a ciki ba.

Jama'a, mu da muke alfahari da karatun jami'a, mutum nawa ne a cikinmu zai iya tashi yanzu ya maimaita wannan jeri ba tare da ya leƙa takarda ba? Amma wannan ne lissafin da muke so mai haihuwar fari ta riƙe a ka, ga daka, ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga kukan dare.

Domin haka ne aka yi kati. A ranar zuwan farko ma'aikaciya takan rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa da allurar da aka yi, ta rubuta ranar dawowa, ta miƙa wa uwa. Sa'an nan ta sake rubuta shi a babbar rajistar asibiti, ta kuma ja kara ɗaya a takardar ƙirga, wadda ake tarawa ƙarshen wata a aika ƙaramar hukuma. Dabara ce mai kyau, kuma ta ceci rayuka masu yawa tun da aka soma shirin rigakafin yara a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1970. Sai dai kati takarda ne, takarda kuwa tana da maƙiya a ɗakin ƙauye: gara, da ɓera, da yoyon damina, da yayan jariri mai neman abin wasa. Mun taɓa zama a wani ƙaramin asibiti ranar allura, wata baiwar Allah ta zo da goyon da ya kai wata goma, ba kati. Ma'aikaciya ta shiga yi mata tambayoyi kamar alƙali: sau nawa aka yi masa a cinya, an taɓa yi masa a hannu, an ɗiga masa a baki? Ita kuwa ta ce ai ɗigo kam ba ya ƙirguwa, masu zuwa gida-gida sun sha ɗiga masa. Aka duba dantse aka ga tabo. Iyakar abin da aka iya tabbatarwa ke nan. Aka buɗe rajista ana neman sa shafi bayan shafi, ga layi har bakin ƙofa, daga ƙarshe ta bayyana ashe ba a nan aka fara masa ba, a garinsu ne aka fara, sa'ad da ta je wanka.

A nan muke so mu ɗan daɗe, domin muna ganin waɗanda ke tsara na'urori a manyan birane ba su cika lura da wannan ba. Mako 6 kwana 42 ne. Wankan jego kuwa kwana 40 ne. Watau allura ta biyu tana faɗowa daidai da lokacin da mai jego ke gama wanka, ta yi yawon arba'in, ta tattara kayanta ta koma ɗakin mijinta in haihuwar fari ce ta je goyon ciki gidan iyayenta. Ta wani gefen wannan rahama ce, domin babu matar Bahaushe da ke mance ranar arba'in ɗinta, kuma da ma'aikata za su riƙa cewa "in kin yi arba'in da kwana biyu ki zo", da an rage mantuwa ba tare da an sayi ko batir ba. Ta ɗaya gefen kuwa, lokacin ne yaro ke fita daga rajista ɗaya bai shiga wata ba. In gidan iyayen yana tsallaken iyaka ne a ƙasar Katsina, abin da ba baƙo ba ne ga mutanen Shanono, to, ya fita daga lissafin jiha guda ya faɗa na wata. Asibitin farko ya rubuta shi cikin waɗanda suka gudu. Na biyu, in an je, ya buɗe masa sabon kati kamar yau aka haife shi. Yaro ɗaya ya zama biyu a takarda, ko kuwa ya zama babu.

In irin wannan ya taru, ga kuma wani abin da ya fi shi muni wanda za mu faɗa, sai alƙaluma su rabu da gaskiya. A 2016 zuwa 2017 an yi wani babban bincike na gida-gida a ƙasa baki ɗaya, aka tarar kashi 33 cikin ɗari ne kawai na yara suka sami Penta ta uku, alhali rahotannin da ke tasowa daga asibitoci zuwa ofisoshi suna nuna kamar an kusa gamawa da kowa. Wannan ne ya sa Hukumar Kiwon Lafiya Matakin Farko ta Ƙasa ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan allurar yau da kullum a 2017. Yaya aka yi ratar ta kai haka? Wani ɓangare laifin ƙiyasi ne, domin yawan jariran da ake sa ran kowane asibiti zai yi wa allura daga ƙidayar 2006 ake hasashensa. Wani ɓangaren kuwa, kada mu ɓoye wa juna, alƙalami ne. An ba ma'aikaci adadin da zai cika, an nuna masa in bai cika ba zai sha faɗa, shi kuwa ya zauna ranar 30 ga wata ya ja kararraki a takardar ƙirga har adadi ya cika. Kara ba ta da suna, ba ta da uwa, ba wanda zai je ya tambaye ta.

Yanzu sai mu zo kan na'ura. Mu mutanen Kano ba labari aka ba mu ba, mun ga aikinta a yaƙin shan-inna. Kowa ya san yadda aka dakatar da rigakafin a jihar nan daga 2003 zuwa Yulin 2004, da yadda cutar ta sake bazuwa. Wajen 2012 da 2013 sai aka shiga zana taswirar ƙauyuka daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma riƙa ba ayarin masu ɗigo wayar da ke nuna duk inda aka taka da ita. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ta kafa babban sansaninta a nan Kano, tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Da yamma sai a ɗora sawun ayari a kan taswira, nan take a ga unguwar da aka shiga da wadda aka kewaye, har aka gano ƙananan ƙauyuka da rugage waɗanda tsohuwar taswirar da ake zanawa da hannu ba ta san da su ba. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar shan-inna ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar wa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ba mu ce waya ce ta yi wannan ita kaɗai ba. Sarakuna sun yi nasu, malamai sun yi nasu, mata masu ɗigo sun yi nasu, har tara daga cikin ma'aikatan aka harbe a Kano a Fabrairun 2013, Allah ya jiƙansu. Abin da waya ta yi shi ne ta hana a ce an je inda ba a je ba.

Amma fa bin sawun ma'aikaci daban, bin sawun jariri daban. Manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, kuma Nijeriya ta ɗauka don tara alƙaluman lafiya, ta sa rahoton wata yana isa Abuja da sauri. Sai dai in jimla aka zuba mata, jimla za ta nuna: Penta ta ɗaya kaza, ta uku kaza. Za ta gaya maka yara talatin sun ɓace tsakanin ta ɗaya da ta uku, ba za ta gaya maka 'ya'yan wa ne ba. Abin da ake bukata shi ne rajistar da ke riƙe kowane yaro da sunansa da lambarsa. Da yawanku kun ɗanɗana irinta a 2021, lokacin allurar korona, da aka ba ku kati mai wani tambari murabba'i mai zane kamar saƙar tabarma, wanda waya ke karantawa ta fito da bayaninku. A lardin Sindh na ƙasar Pakistan, wadda ita ma ta sha fama da shan-inna kamarmu, tun 2017 aka bazu da irin wannan tsari ga jarirai, mai suna Zindagi Mehfooz: a manna tambarin a jikin katin yaro, ma'aikaci ya haska shi da waya a duk asibitin da aka je, tarihin allurarsa ya fito, a kuma aika wa iyaye saƙon tunatarwa. Ku lura, ba su jefar da kati ba, ƙarfafa shi suka yi.

Da irin wannan rajista za ta zauna da gindinta a Shanono, da matar nan da muka ba ku labari ba ta sha tambayoyi ba. Mafi girma kuma, da kowace safiyar Litinin ma'aikaciya za ta buɗe waya ta ga sunayen yaran da ranarsu ta wuce ba su zo ba, ta kwafe su a takarda ta aika wa mai unguwa. A ganinmu wannan 'yar takarda ita ce ribar abin gaba ɗaya. In an kashe miliyoyi an sayo na'urori, manya suna kallon jadawali mai launi-launi a bangon ofis, amma sunayen nan ba su isa zauren mai unguwa ba, to, an yi ado ne kawai.

Sai dai akwai tuntuɓe a hanya, kuma ku masu ilmin kwamfuta da ku muke. Na farko shi ne suna. Jaririn da aka kai allura ranar haihuwa ba shi da suna sai ranar bakwai, a rajista "jaririn wance" ne. In aka raɗa masa Muhammadu, a gida Abba ake kiransa ko Ɗanjuma, uwar kuwa in ɗan fari ne alkunya ba za ta bar ta ta ambaci sunan ba ko da likita ne ya tambaya. A unguwa guda za ka iya samun A'isha Muhammad biyar 'yan wata huɗu. Haka ranar haihuwa: na'ura tana son rana da watan Turawa, kaka kuwa cewa za ta yi bayan Babbar Sallah da kwana uku, ko lokacin yankan gero. Manhajar da ba ta iya karɓar watan Musulunci ta juya shi da kanta ba, ba a yi ta don Shanono ba, kuma wannan aikin ɗalibi ɗaya ne mai himma a cikinku.

Na biyu shi ne wayar kanta. Binciken da aka yi a birane irin su Ibadan ya nuna tunatarwa ta waya tana ƙara dawowar iyaye, ba mu musa ba. Amma a ƙauyenmu lambar wa ake rubutawa? Sau da yawa ta maigida ce. Da kaka ta wuce ya tafi cin rani, saƙon allurar mako 14 ya same shi a Legas ko Fatakwal, da Turanci, tsakanin saƙonnin talla. Ko yana gida, wataƙila waya tana wurin mai caji, ko ya sauya layi. In kuwa ya karanta, shi ne dai mai ba da izinin fita da kuɗin mota, saboda haka kada a raina aika masa. Mu dai shawararmu, a karɓi lamba biyu, a aika da murya da Hausa, domin wanda ya yi karatun allo bai yi boko ba kunnensa lafiya lau yake.

Na uku ya fi duka nauyi. Na'ura ba ta san yaron da ba a taɓa kawowa ba. Ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2023 Nijeriya na da yara sama da miliyan 2 waɗanda ko Penta ta farko ba su samu ba. Waɗannan ba su cikin kowace rajista, ta takarda ko ta waya. Amma akwai waɗanda suka san da su. Ungozoma ta sani, ita ta yanke cibiya. Liman ya sani, shi ya raɗa suna. Wanzami ya sani, shi ya yi aski ranar bakwai. A Jihar Sakkwato an gwada sa wanzamai su riƙa tura iyayen jarirai asibiti, kuma a jihohin arewa da dama an ɗora wa masu unguwanni rubuta sababbin haihuwa ana gwada littafinsu da rajistar asibiti. Ƙofar shiga na'ura ke nan a karkara. Wanda ya tsara manhaja bai zauna da wanzami ba zai ƙare da cikakken lissafin waɗanda dama suna zuwa.

Kada kuma a mance da amana. Mutanenmu ba su mance da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. In ka zo da waya kana ɗaukar sunan matar mutum da lambarsa da inda gidansa yake, yana da haƙƙi ya tambaye ka ina bayanin zai tafi, wa zai gani. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, amma magidancin Alajawa ba zai karanta ta ba, fuskarka zai karanta.

Wataƙila wani ya ce duk wannan maganar takardu ce. To, a tuna da mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 cutar nan da matasan likitoci da yawa suka sani a littafi kawai ta ɓarke, kuma fiye da rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasar nan 'yan Jihar Kano ne, galibinsu yaran da ba a yi wa allurar ba ko ba a cika musu ba. Waɗansunsu haihuwar shekarun nan ne da rahotanni ke cewa an kusa gamawa da kowa. Kararrakin da aka ja ranar 30 ga wata, ga inda suka ɓullo bayan shekaru, a maƙogwaron yara.

Ku da kuka fara aiki, da ku da za ku fara gobe, kujerun da ake tara waɗannan alƙaluma ku ne za ku zauna a kansu. Waya ma ana yi mata ƙarya, yatsa ne kawai ya maye gurbin alƙalami. In ƙaramin ma'aikaci ya kawo muku kashi 40 na gaskiya kuka ci mutuncinsa, wani ya kawo 95 na ƙarya kuka yaba masa, kun koya wa duka biyun abin da za su kawo wata mai zuwa. Haka kuma kada ku miƙa wa ma'aikaciya guda waya ku bar ta da kati da rajista da takardar ƙirga kamar da, ba ku rage mata komai ba, ba ku ba ta kuɗin data ba, ba ku tanadi inda za ta yi caji ba. Za ta ajiye wayar sai dare ta shigar da abin da ta tuna. A nemi manhajar da ke aiki ko babu sabis ta aika daga baya, a kuma tambayi wanda ya kawo tallafi wa zai gyara na'urar in shirinsa ya ƙare.

Kafin gwamnati ta kawo nata, akwai na'ura a aljihun kowannenku. Hutu na nan tafe. In kun je gida, ku gaida yayarku ko matar yayanku mai goyo, ku nemi ta nuna muku katin yaron. Ku ɗauki hotonsa ciki da baya, ku dubi ranar dawowa ku sa ta a kalandar wayarku, ana jajibiri ku kira maigidan ku tuna masa cikin ladabi. In kun tarar ranar ta riga ta wuce, ku gaya musu ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, su je kawai. In kuwa babu kati sam, ku dubi dantsen yaron, sa'an nan ku tambayi mai unguwa ranar da ake allura a asibiti mafi kusa.

Shugaba, mun ga kana duban agogo. In akwai tambaya ko gyara muna nan.